Koken Mazauna Unguwa Kan Shan Sigari a Gidan Kallon Ƙwallo

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Hakimi, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwar ban girma, mu talakawanka, magidanta da iyaye mata da malaman makarantun allo da na Islamiyya na wannan unguwa, mun kawo kukanmu gabanka. Mun san jama'a sun yi maka yawa, kuma da abin na haƙuri ne da mun ci gaba da haƙuri kamar yadda muka saba. To amma abin da ya faru daren Asabar ɗin da ta wuce ya hana mu barci.

Ranka ya daɗe, gidan kallon ƙwallon da ke bakin layinmu rumfar kwano ce da aka kewaye da langa-langa, ƙofa ɗaya, babu taga sai wani ɗan rami da aka toshe da kwali don kada a leƙa kyauta. A daren ana wasan Firimiya, an cika benci har ana tsaye, rabin masu kallon kuma yara ne da ba su wuce shekara goma sha biyar ba. Wani ya gama busa sigarinsa ya jefar da guntun a bayan benci, inda mai gidan yake ajiye jarkar fetur ɗin janareta. Tsumman da ke kan jarkar ya kama, labule ya kama. Aka yi kan ƙofa gaba ɗaya, manya suka bi ta kan ƙanana. Da mai shayin da ke waje bai kwarara bokitin ruwa da ƙasa ba, da yanzu zaman makoki muke yi. Yaro ɗaya ya karye a hannu, biyu sun kuje. Wani maraya mai ciwon asma, wanda tun kafin wutar hayaƙin sigari ya riga ya shaƙe shi, a sume aka saka shi a adaidaita sahu. Mahaifiyarsa, wadda ƙosai take sayarwa, ta kwana biyu a asibiti tana cin bashin kuɗin magani.

Abin da ya fi ƙona mana rai, Allah ya ba ka nasara, shi ne washegari Lahadi aka buɗe gidan kamar ba a yi komai ba. An canza labule kawai. Jarkar tana nan inda take, masu busawa suna nan inda suke.

Dattawan cikinmu sun tuna mana gobarar sinimar El-Duniya a nan Kano a 1951, inda mutum 331 suka rasu. Gaskiya ne ba sigari ne ya tayar da waccan wutar ba, fim ne ya kama a ɗakin na'ura. Amma abin da ya cinye rayuka shi ne taron jama'a a rufaffen wuri da turereniya wajen fita, kuma shi muka gani da idonmu ranar Asabar.

Ba yau muka fara magana ba. Mun aika dattawa, mun yi zama a ƙofar gidan Mai Unguwa, Liman ya yi huɗuba a kai, mun kai takarda wani ofishi aka ce mu dawo, muka dawo aka ce mu sake dawowa. Har mun manta sau nawa. An taɓa manna takarda a ƙofa an rubuta ba a shan sigari, ba ta kwana uku ba aka yage ta. Mai gidan, wanda ɗan unguwa ne kuma mun san iyayensa, kullum amsarsa ɗaya: in ya hana su za su koma gidan kallon da ke gaba, cinikinsa ya mutu. Masu shan kuma in ka yi magana sai su ce da kuɗinsu suka shigo, wanda ba ya so ya fita. Har akwai wanda ya kalli sa'an mahaifinsa ya ce masa wai hana shan sigari dokar Turawa ce, nan Najeriya muke. Mun haɗiye wannan ma.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin doka, amma ka yi mana afuwa mu faɗa don masu wannan magana. Tun 1990, zamanin Janar Babangida, aka yi dokar soja da ta hana shan taba a sinima da asibiti da makaranta da motar haya. A watan Mayun 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda ta hana sha a rufaffun wuraren taruwar jama'a, ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya karya. Ita ce kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Amma a bakin ƙofar gidan kallon nan akwai tebur da ake sayar da kara ɗaya ga duk wanda ya miƙo kuɗi, kuma yaranmu ake aika su sayo, wani lokaci har a ce su kunno. Ingilar da suke kwana suna ihu a kan ƙwallonta ma tun 2007 ta hana shan sigari a rufaffun wuraren jama'a. In kuma ba su son ta Turawa, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa, ba su da kansu suka sha ba. Mu ba mu buƙatar lissafi ma, rigunan 'ya'yanmu muke wankewa, tarinsu muke ji da tsakar dare.

Ba za mu ɓoye maka ba, kanmu ya rabu. Wasu daga cikinmu, musamman iyaye mata, so suke a rufe gidan kwata-kwata. Mafi yawanmu ba mu nemi a toshe wa kowa hanyar abinci ba, kuma gara yaro yana kallon ƙwallo inda aka san yana nan da a ce yana lungu. Wanda ya ga zai sha sigarinsa, tsakaninsa da Ubangijinsa da ƙirjinsa. Ya fita waje kawai.

Don haka muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kira mai gidan nan da sauran masu gidajen kallo na ƙasarsa gaba ɗaya, a rana ɗaya, ya kafa musu sharaɗi ɗaya, don kada wani ya sake fakewa da cewa maƙwabcinsa zai kwashe masa ciniki. A hana shan sigari da shisha a ciki, a fitar da fetur da janareta daga inda mutane ke zama, a fasa ƙofa ta biyu. Muna roƙon a sa baki Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, mai ba su lasisi, da 'yan kwana-kwana da duba-gari su zo su gani da idonsu. A ɗage teburin sigarin nan daga bakin ƙofa. Kuma don Allah, ranka ya daɗe, kafin wasan Asabar mai zuwa a fitar da jarkar nan, ko da sauran za su jira.

Akwai kuma batun marayan nan. Har yau ba wanda ya taka ya duba shi, balle a yi maganar kuɗin asibiti. Muna roƙon a sa wanda ya dace ya ɗauki nauyin abin da aka kashe.

Samarin unguwa sun so su je da kansu ranar Lahadi, mu muka tare su, muka ce muna da uba. Ba mu da tabbacin za su sake saurarenmu in aka kuma.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya ja zamanin Sarki.

Wassalam.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Magidanta, iyaye mata da malaman unguwa.