A Yi Hattara Wajen Rage Sifirin Tsohuwar A-kori-kura

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda ke kai su wurin makanike a zare musu falle ɗaya ko biyu na sifirin baya saboda jijjiga.

An ƙera sifirin nan ne domin ɗaukar kaya, shi ya sa motar take tsalle idan babu komai a bayanta. Sau da yawa kuma taurin daga tsatsa yake, domin fallayen sukan manne da juna har su daina zamewa. Abin da ya dace shi ne a kwance sifirin, a kankare tsatsar, a shafa giris, sannan a sauya robobin da suka cinye da shokazoba idan ya mutu.

In har sai an zare falle, to kada a taɓa babban da ke riƙe da jikin mota, kuma mai motar ya sani cewa daga ranar ba za ta ƙara ɗaukar buhunan da ta saba ba.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kaduna