Kun Yabi Jefferson, Kun Manta da Bayinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai. Rabin awa cur mai gabatarwa yana wasa Thomas Jefferson: shi ya rubuta takardar 'yancin kan Amurka a 1776, shi ya yi shugaban ƙasa daga 1801 zuwa 1809, shi ya sayo yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15. Na kasa kunne ina jiran a ambaci bayi, har aka yi sallama ban ji ba.

Mutumin da ya rubuta cewa an halicci dukkan mutane daidai wa daida, shi ne ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A gandunsa na Monticello da ke Bajiniya, yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 ne ke wuni a maƙera suna ƙera masa ƙusoshi yana sayarwa. Ya haifi 'ya'ya da baiwarsa Sally Hemings, wadda ubansu ɗaya da matarsa. Da ya mutu a 1826 bashi ya yi masa katutu, a farkon 1827 aka yi gwanjon bayinsa kusan 130, aka raba uwa da ɗa. Mutum biyar kacal ya 'yanta a wasiyyarsa. Kada a ce mini halin zamaninsu ne, domin George Washington, shugaban Amurka na farko, ya bar wasiyya a 1799 cewa a 'yanta dukkan bayin da ya mallaka.

Ni wannan magana ba a littafi na fara jin ta ba. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, mahara ne suka ɗauke ta tana yarinya a bakin rafi, aka kai ta kasuwa aka sayar. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san sunan garinsu ba. Idan tana kaɗi da daddare takan yi wata waƙa da yaren da babu mai jin sa a gidanmu, mu yara muna dariya, ita tana share hawaye da bakin zane. Sai da na girma na gane abin da muke yi wa dariya. Jikokina suna zaune tare da ni a tabarma lokacin shirin nan, kuma ƙaramarsu ta tashi tana cewa Jefferson mutumin kirki ne. Ku kuka koya mata haka, Malam Edita. Ku sake shirin, ku faɗi duka.

Sannan don Allah ku dubi tallar maganin gargajiyan nan da kuke katse shiri da ita har sau uku. Kalaman da mai tallar ke furtawa ba na ji a gaban yara ba ne, dole nake rage murya duk lokacin da ta shigo.

Naku mai sauraro kullum,
Tsohon malamin firamare, daga Gusau