Amsa ga Malam da ya tambaya ko sato zanen katina na yi

Assalamu alaikum Malam,

Tambayarka ta iso ni, ba ta hannunka ba, ta hannun mutanen da suka yi ta turo min ita suna cewa "ka ga abin da aka ce a kanka?" Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan amsa. Ga abin da ka ce a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba: wai me ya haɗa zanen tatu, wato wanda ake yi a fata da allura da tawada, da wasan kati na sararin samaniya da na ƙirƙira, me ya hana ni sa hotunan gaske na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, anya ba tallata wa yara tatu nake ba, sannan ka jera katina guda biyu kusa da hotunan hannun wasu mutane ka rufe da "shin zanawa ya yi ko kwasowa?" Na ga ka sa alamar tambaya a ƙarshe, an gode. Amma ni da kai mun san duk wanda ya karanta, ɓarawo ya ji an kira ni.

Bari in fara da katin da ka fi murna da shi, mai layukan nan da suka fito daga ɗigo ɗaya suka watsu. Ka samo irinsa a damtsen wani bawan Allah, ka ce ga shi nan layi da layi. Eh iri ɗaya ne, kuma dole su zama iri ɗaya don taswira ce. Masanin taurari Frank Drake ne ya tsara ta, aka zana ta a allon ƙarfe aka maƙala wa kumbon Pioneer 10 da aka harba a 1972, aka sake sa ta a murfin faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi a 1977. Layuka 14 suna nuna taurari 14 masu bugun haske a kan ƙa'ida da ake ce wa fulsa, 'yan gaɓoɓin da ke jikin kowane layi lissafin saurin bugun tauraron ne, dogon layin da ya miƙe gefe guda kuma yana nuna tsakiyar tarin taurarin da ranarmu ke ciki. Manufar ita ce in wata halitta ta tsinci kumbon ta gane daga ina ya taso. In ka ƙara wa layi ɗaya tsawo don kawai ya bambanta da na hannun wani, ka ɓata adireshin ke nan. Mai damtsen daga can ya ɗauko, ni ma daga can, kuma na rubuta hakan ɓaro-ɓaro a shafin ƙarshe na ɗan littafin dokokin wasan. Da ka buɗe kwalin da ka gani, sai dai buɗe kwali yana cin lokaci, haɗa hoto biyu kuwa ko minti ba ya ci.

Na biyu tsattsewa ce. Haba Malam. Matuƙan jirgin ruwa na Ingila da Amurka sun daɗe suna zana tsuntsuwar nan a ƙirji, alamar an yi tafiya mai nisa an dawo lafiya. Mai zanen tatu Norman Collins da aka fi sani da Sailor Jerry ya zana ta ba iyaka a shagonsa na Honolulu kafin ya mutu a 1973, kuma shi ma tarar da ita ya yi. Sake duba tawa da kyau. Kanta na cikin hular gilashi ta 'yan sama jannati, wutsiyar da ta rabu biyu ta zama harshen wutar roka, fikafikan faranten sola ne masu gida-gida. Ta hotonka tana riƙe da wasiƙa a baki, ga fure a ƙasanta. Abin da ya haɗa su baƙin layi mai kauri ne, da ja da rawaya, da kuma kasancewar duk tsuntsaye ne.

Salo daban, zane daban, kuma kai da ka girme ni a wannan sana'a bai kamata a ce ni ke tuna maka ba. Ko da rigimar tatu da wasanni ta je kotu a Amurka, ƙarar da aka kai kamfanin da ke yin wasan bidiyon ƙwallon kwando na NBA 2K a 2016 kan tatun jikin LeBron James da wasu 'yan ƙwallon kwando, a kan ainihin zanen da aka kwafa aka yi shari'a, ba a kan kaurin layi ba, kuma a 2020 kamfanin ne ma ya yi nasara. Sannan su masu tatun a ina suka samo? Babban zanen Japan mai rufe baya gaba ɗaya, irezumi, ya bunƙasa ne bayan mai zane Utagawa Kuniyoshi ya fara fitar da hotunan jarumai masu zane a jiki wajen 1827, a takarda aka buga su, mutanen birnin Edo, wato Tokyo ta yau, suka gani suka je aka yi musu a fata. Injin tatun ma da Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a 1891 daga alƙalamin lantarki na Edison ya samo asali, wanda aka ƙera don kwafar takardu. Daga takarda abin ya hau fata, ni na sauko da shi kan takarda, sai a hannuna ne ya zama sata?

To ga tambayar da in da ita kaɗai ka yi, da wallahi da daɗin rai zan amsa, me ya sa tatu. Saboda mai tatu da mai zana kati ciwonsu ɗaya. Allura tana ajiye tawada ne a ƙasan fatar sama, zurfin milimita 1 zuwa 2, kuma tawadar ba ta zama inda aka ajiye ta, da shekaru suka tafi layi yana bajewa, 'yan ƙananan filaye su cike, duk abin da aka cunkushe ya koma dunƙulen baƙi. Shi ya sa tsofaffin masu sana'ar suka dage a kan layi mai kauri, launi kaɗan, da barin fili tsakanin abu da abu, yadda daga nesa za ka ce waccan anga ce wancan jirgi ne. Shi kuma kati faɗinsa milimita 63 ne, tsawo 88. Abokin wasanka daga ɗaya gefen tebur yake hango shi, a juye, sau da yawa hasken ɗakin ma ba na kirki ba, in kuma yana hannunka cikin sauran katuna kusurwa ɗaya ce kawai ke leƙowa, ga yawan cakuɗawa da gumin hannu da ke goge masa fuska. Masu yin karta a Faransa sun gane haka tun wajen 1480, suka mayar da alamominsu siffofi huɗu masu sauƙi, ja da baƙi, da za a iya shafawa ta cikin hudadden kwali.

Kumbuna na ba su tsohon salon Amurka, baƙin layi da launi uku. Duniyoyi kuma aikin ɗigo-ɗigo, don ba abin da ke fito da inuwar ƙwallo da ramukan wata kamar ɗigo, kuma zoben Satun a gaske ba faranti ba ne, ɓarɓashin ƙanƙara ne da duwatsu, ka ga ɗigon ya fi layi faɗin gaskiya. Katunan masifa irin su guguwar rana da karo da tarkace ja da baƙi ne kawai, wannan daga trash polka na koyo, salon Simone Pfaff da Volker Merschky na garin Wurzburg a Jamus, amma na zubar da hargitsin rubuce-rubucen da suke cusawa don ba ya karantuwa a ɗan fili. Mutum ya ga an ajiye ja da baƙi gabansa zai faɗi kafin ya karanta komai, abin da nake so ke nan. Wanda idonsa ba ya bambance ja da kore kuma, kuma a cikin maza suna da yawa, zai gane nau'in kati daga salon zanen ko da launin ya rikice masa. Siririn layi na allura ɗaya da ya fito daga unguwannin gabashin Los Anjeles a shekarun 1970 ina son sa ƙwarai, amma a kati ɓacewa yake, ko taswirar Pioneer sai da na ƙara wa layukanta kauri. Salon fentin ruwa da ake yayi yanzu, shuɗi da shunayya a watse ba baƙin layi, shi kam ban ko gwada sa shi ba, a ganina ko a fata ranar farko ce ranarsa.

Hotunan gaske da kake cewa. Shahararren hoton ginshiƙan ƙura da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka a 1995, launukansa mutane ne suka raba, hasken salfa aka ba shi ja, na haidirojin kore, na iskar oksijin shuɗi. Na'urar hangen nesa ta James Webb kuma mafi yawan hasken da take kamawa idon mutum ba ya ma ganin sa. Ba ƙarya ba ne hotunan, amma akwai wanda ya zauna ya zaɓi launi kamar yadda na zauna. In ka matse su a tafin kati kuwa duk duhu ne mai ɗan ja-ja, ba ka gane wannan daga wancan. Ilimin wasana a cikin dokoki yake. Saƙo daga nan zuwa duniyar Mas yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, shi ya sa katin umarni a kife ake ajiye shi sai zagaye na gaba ya buɗe, lokacin wataƙila abin da ka umarta ya riga ya zama shirme. Damar harba kumbo zuwa can kusan duk wata 26 take zuwa, shi ya sa ba kowane zagaye ake barin ka harba ba. Wannan ba a ganin sa a hoto, sai an zauna an buga.

Batun tallata wa yara tatu ba zan daɗe a kai ba. Babu allura a cikin kwalin, tawada a kan takarda take, hukuncin yi a jiki kuma akwai malamai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kana da lambata. Lokacin da nake neman masu gwada wasan na gayyace ka, ka ce ba lokaci, ashe lokacin shafa min kashin kaji akwai. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma duk wanda ke wannan harka ya san kai ma ka daɗe kana sanar da naka wasan na taurari wanda har yau muna jiran ganin ko kati ɗaya. Ban ce shi ne dalili ba fa, tambaya nake, irin taka.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, halin ya yi mana yawa. Baƙo ya haɗa salo biyu sai a ce basira, namu ya haɗa sai a fara binciken inda ya kwaso. Ba wanda zai tambayi ko wasan yana tafiya daidai, ko mai fara wasa yana samun fifikon da bai kamata ba, ko dokokin suna ganuwa ga wanda bai taɓa bugawa ba, alhali nan ne ake buƙatar idon manya irinku. Yara masu tasowa suna kallo, da yawa zanensu na cikin waya sun ƙi fitarwa saboda tsoron irin wannan.

Ga abin da nake nema. Kawo zane guda ɗaya, da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, wanda ka tabbata shi na kwafa. In ka kawo, zan cire katin daga bugu na gaba in nemi mai shi in biya shi haƙƙinsa. In ba ka da shi, ka janye maganar a inda ka yi ta, gaban mutanen da ka yi ta, ba ta kiran waya cikin dare ba.

Wassalam,
ƙaninka a sana'a