Sanarwa: duban ƙarshe kafin a miƙa aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Daga ranar Litinin, ba wani aikin talla da zai bar ofis sai wanda bai sa hannu a cikinsa ba ya duba shi. Mai ɗaki ba ya ganin inda ɗakinsa ke yoyo sai baƙo ya nuna masa.

Kun san abin da ya faru da fostar wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari. Salon rubutun da aka zaɓa ya cinye ƙugiyar haruffa, "baƙin yadi" ya koma "bakin yadi", kuma sai bayan an buga aka lura. Mu muka biya kuɗin sake bugawa, ga jin kunya.

Don haka mai dubawa ya bi ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ɗaya bayan ɗaya. Lambar waya a ƙirga ta cika 11, sannan a kira ta a ji wa zai ɗauka. Abin da za a kai maɗaba'a ya kasance a CMYK, wato tsarin launukan da injin buga takarda ke aiki da shi, don launin da ke haske a kwamfuta yakan dushe a takarda. Na Facebook da Instagram a buɗe shi a waya tukuna. Tallan abinci ko magani kuwa, a tabbatar lambar NAFDAC ta yi daidai da ta jikin kwalin.

Masu zane, ku turo aiki kwana ɗaya kafin ranar alkawari, ba ana kiran Magariba ba.

Za mu zauna gobe Asabar ƙarfe 10 na safe a raba duban. Wanda ya gani ya amsa.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.