Abin da Adakar Baffana Ta Bayyana Mini Game da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan rasuwar baffana, Allah ya jiƙansa, wato yadda littattafai da kaset-kaset ɗin da mutum ya tara suke bayyana halinsa, wani lokaci ma fiye da abin da danginsa suka sani game da shi.

Baffan nawa tsohon malamin firamare ne a nan Bauchi, mutum mai ƙarancin magana wanda muka taso muna shakkarsa. Bayan sadakar arba'in magadansa suka ɗora mini aikin lissafa kayan ɗakinsa, sai na tarar da adaka biyu a ƙarƙashin gadonsa. A cikin ta farko akwai Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa, da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, kuma wannan bai ba ni mamaki ba, domin su ne matakan da ɗalibin fiƙihun Malikiyya yake takawa a ƙasar nan. Abin da ya tsayar da ni shi ne babin ciniki na Risalar, wanda takardunsa suka yi baƙi saboda yawan taɓawa, gefensu kuma ya cika da sharhi cikin ajami da hannunsa, alhali wasu babukan suna nan fes. A ranar na fahimci dalilin da ya sa yakan tsaya ya duba mudun mai hatsi kafin a auna masa, da dalilin da ya sa bai taɓa yarda da bashin da ke da ruwa ba ko a lokacin da albashi ya yi jinkiri. Mun daɗe muna ɗaukar hakan tsanani ne kawai, ashe karatu ne da ya yi ta maimaitawa har ya zame masa ɗabi'a.

Adaka ta biyu kuwa ta boko ce. A ciki akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, bangonsa an ɗinke shi da zare. Akwai waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur. Akwai kuma tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo a ɗaure da igiya. Ƙarƙashinsu na sami kwali cike da kaset, tafsirin Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi a jere da na Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, kowane kaset da lambarsa da shekararsa. Can ƙasa kuma ga na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, waɗanda matarsa ta tabbatar mini yakan saurara a hankali bayan sallar isha'i.

Wannan kwalin ne babban dalilin rubuto wannan wasiƙa. Mun saba a Arewa, musamman tun bayan kafuwar Izala a Jos a 1978, mu yanke wa mutum hukunci da littafi ɗaya: in an ga Dala'ilu a hannunsa an gama sanin ɓangarensa, in an ji muryar wani malami a motarsa an gama. Amma ga mutumin da ya shekara da shekaru yana sauraron malamai biyu da suka yi saɓani a fili, bai jefar da kaset ɗin ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin ya zagi malami ba. Ajiye littafi ba ya nufin yarda da duk abin da ke cikinsa, sau da yawa ma alama ce ta mai son jin hujjar ɗaya ɓangaren daga bakin mai ita. Wanda zai karanci mutum daga kayan karatunsa dole ne ya dubi tarin gaba ɗaya, ya kuma lura da inda yatsa ya fi taɓawa. Manyan mujalladai masu ruwan zinare da ake jerawa a kantar falo suna nuna abin da mai gida yake girmamawa ko yake burin karantawa, kuma ban raina wannan ba, sai dai littafin da ya tsufa a hannu ya fi su ba da shaida.

Damuwata ita ce yadda irin wannan shaida take salwanta a gidajenmu. Idan aka zo rabon gado, gida da gona ake kallo, littattafai kuwa a rarraba su ɗai-ɗai ko a bar wa gara, jaridu su ƙare a hannun mai ƙosai. Na yau kuma a cikin waya suke tara nasu, wa'azi da waƙa da littattafan da ake tura musu a WhatsApp ko a cika musu memori a kasuwar Wunti, kuma ranar da mai wayar ya rasu lambar sirri takan rufe komai, ba mai sanin abin da ya fi saurara.

Magadan baffana, Allah ya saka musu da alheri, sun amince a bar adakun biyu a haɗe a matsayin waƙafi a zauren gidan, kuma yanzu muna neman rikoda mai lafiya domin a kwashe kaset ɗin zuwa kwamfuta kafin zarensu ya lalace. Ina roƙon jaridarku ta ware ɗan shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su riƙa bayyana abin da suka tarar a adakar iyayensu da malamansu, da yadda suka adana shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Jahun, Bauchi.