Tabarmi masu gicciye da iyalai uku

Edita, barka da aiki.

Malamin Fiziks ne ni. Ɗalibaina sun matsa mini: me ya sa dangin ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa kowane abu, suka zo iyali uku? Masu ka'idar zare, wadda ke cewa kowace ƙwaya ɗan ƙanƙanin zare ce mai karkarwa, suna da amsa. Tun 1995 masanin Fiziks Joseph Polchinski ya nuna muhimmancin "D-brane", wato tamkar tabarmi da bakin zare ke maƙale musu. Na gicciya takarda biyu a kan tebur na ce musu: inda suka haɗu, nan ƙwayar take zama. In tabarmin suka gicciya sau uku, iyali uku ke nan.

Lissafin ya burge ni, amma har yau injin LHC mai gwara ƙwayoyi da juna, da ke kusa da birnin Geneva, bai ga shaidarsa ba. Don Allah ku ware wa kimiyya shafi.

Naku,
Malamin Fiziks, Zariya