Wasiƙa zuwa Kumasi a kan noman yakuwa

Gumel, Jihar Jigawa.

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, ina yi maka sannu da abin da likita ya shaida maka game da hawan jini. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin shawarar da ka yanke ta shuka yakuwa a filin da ke bayan gidanka, domin ka riƙa shan zoɓon da ka san asalinsa. Zan ba direban da ke kawo muku kaya ƙullin iri, amma na ga ya dace bayani ya riga iri isowa, domin ƙasarku da tamu ba ɗaya ba ce, kuma abin da ke yi wa yakuwa daɗi a nan zai iya cutar da ita a can.

Gurguzun da na ware maka na jar yakuwa ne, mai zoɓo mai kauri wanda jansa ya yi duhu har ya doshi baƙi. Akwai fara, wadda mata suka fi so domin miya, amma ba ita kake bukata ba. Yakuwa dangin kuɓewa da rama da auduga ce, kuma za ka gane haka ranar da ta fara fure, domin furen ruwan ɗorawa ne mai haske da jan tabo a tsakiya, yana buɗewa da safe, kafin yamma ya yanƙwane ya faɗi. Kada ganin furanni a ƙasa ya tayar maka da hankali. Abin da muke sha shi ne ƙoƙon nan mai tsoka da ke riƙe da furen daga ƙasa, wanda sai bayan furen ya faɗi yake fara kumbura yana lulluɓe kwanson 'ya'yan.

A wurinmu yakuwa shukar jigawa ce. Manoma suna jera ta a kan iyakar gonar gero ko ta gyaɗa, ba ta neman taki mai yawa, kuma idan saiwarta ta kama ƙasa takan jure ɗaukewar ruwan sama fiye da yawancin amfanin gona. Abin da ba ta jurewa shi ne kwanciyar ruwa a gindinta, kuma nan ne damuwata take, tunda ruwan da kuke samu a shekara ya kai ninki biyu na namu. Idan ruwa ya kwana a gindinta, saiwar takan ruɓe, sai ka wayi gari ka tarar da shukar da ta kai ƙugu ta yi laushi gaba ɗaya, kuma ba ta farfaɗowa. Saboda haka ka zaɓi wurin da ya fi tudu, wanda rana ke dukansa tun safe har yamma, nesa da inuwar ayaba da mangwaro. Ka sa a yi maka kunya mai tsayi sosai, idan kuma ƙasar mai laka ce a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Kada ka cika mata takin zamani, domin zai ba ka ganye mai yawa da tsawo, zoɓon kuma ya yi ƙaranci.

Maganar lokaci ita ce wadda mutane suka fi kuskurewa. Yakuwa ba ta ƙidaya kwanakin da ta yi a ƙasa kafin ta yi fure, tsawon yini take bi. Muddin yini yana da tsawo, sai ta yi ta ganye da rassa, sai rana ta fara saurin faɗuwa, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, sannan ta ɗauki fure. Shi ya sa a nan wanda ya shuka a Yuni da wanda ya makara har Agusta suke ganin fure kusan lokaci guda, sai dai na farkon ya sami shuka mai rassa da yawa, na biyun kuma ya sami 'yar guntuwa mai zoɓo kaɗan. Ku kuwa damina biyu gare ku, babbar da ke farawa wajen Afrilu, da ƙaramar da ke biyo bayan ɗan tsagaitawar Agusta. Idan ka shuka da ruwan farko, za ta yi watanni tana tsawo cikin ruwa mai nauyi ba tare da ta ba ka komai ba sai ganye, ga haɗarin ruɓewa. A ganina ka raba irin gida biyu, rabi a ƙarshen Yuni, rabi a farkon Agusta. Ta haka furen zai zo a ƙaramar damina, girbi kuma ya doshi shigowar hunturu, lokacin da iska ke bushewa, kuma shekara guda ta isa ta nuna maka wanne ya fi dacewa da filinka.

Shukar kanta ba ta da wuya. Ka jiƙa gurguzun ya kwana a ruwa, ka zuba ƙwaya uku a kowane rami marar zurfi, kamar gaɓar yatsa, ka bar tazarar taku guda na ƙafa tsakanin ramuka. Cikin 'yan kwanaki zai tsiro. Idan ya kai tsawon tafin hannu, ka cire raunanan ka bar ɗaya ko biyu, waɗanda ka cire kuma su tafi tukunyar miya. Ciyawa ce abokiyar gabarta a watan farko, don haka noman fari da maimai ba a wasa da su, bayan nan ita da kanta take rufe ƙasa. Idan ta kai gwiwa, ka tsinke kan, domin ta yi rassa ta gefe, kuma kowane reshe zoɓo ne. Na san uwargida za ta so ganyen domin fate da miyar taushe, to ka ware mata gindi biyu ko uku nata, sauran a bar musu ganyensu, domin shukar da ake yawan tsiga ba ta cika 'ya'ya.

Ƙwari za su zo, musamman ƙananan nan masu tsalle da ke huda ganye, da jan ƙwaron da ke bin auduga. Toka da sassafe tana rage su, haka ma ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa aka tace. Tunda abin sha kake nomawa, ban so ka kusanci maganin feshi bayan fure ya fito. Awaki kuwa sai shinge.

Girbi da shanya su ne inda zoɓo ke samun darajarsa ko ya rasa ta. Kamar mako biyu zuwa uku bayan faɗuwar fure, ƙoƙon zai cika ya yi ƙyalli, idan ka lanƙwasa shi ya karye da ɗan ƙara. A lokacin ake yanke shi da wuƙa ko almakashi, daga na ƙasa zuwa na sama, domin ba tare suke nuna ba. Idan ka bari ya daɗe, sai ya yi tauri da zare. Daga nan sai ɓara, wato raba tsokar da kwanson da ke ciki, kuma ina gaya maka tun yanzu aiki ne mai cin yatsu, domin kwanson yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, tsamin kuma yana shiga duk inda fata ta tsage. Matan ƙauyukanmu da ke wannan aiki za ka ga hannayensu sun rine har wuyan hannu. A ɓare shi a ranar da aka yanke, a baza shi siriri a kan tabarma mai tsabta ko faifai a bisa wani abu mai tsayi, a riƙa juyawa, a kuma shigar da shi ɗaki kafin raɓa ta sauka. Ya bushe ne idan ka damƙa ka ji yana ƙaras-ƙaras. Kada yawan ɗanyen ya ruɗe ka, domin kusan kilo 10 ne ke komawa kilo 1. A ƙasa mai laima irin taku, wanda bai gama bushewa ba zai yi fumfuna a cikin buhu, kuma zoɓo mai fumfuna zubarwa ake yi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa na goyi bayan ka noma naka. Jiharmu tana cikin manyan masu noman zoɓo a Najeriya, ranar Alhamis za ka ga buhunansa a kasuwar Maigatari, kuma daga nan ake fitar da shi har ƙasar Meziko. Amma raina yana ɓaci idan na ga wanda aka shanya a gefen titi, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kansa, ko wanda wani ya yayyafa wa ruwa domin ya ƙara nauyi a sikeli, alhali marar lafiya ne zai saya da niyyar magani.

Game da maganin, iyayenmu sun daɗe suna shan zoɓo domin sanyaya jiki a lokacin zafi da azumi, da sa fitsari, da sassauta ciki. Ana ɗora dakakken ganyen a kan maruru, ana kuma dafa wa mai jego gurguzu domin ruwan nono. Batun hawan jini kuwa masana sun gwada shi. A wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, an ɗauki mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa, aka ba wasu kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6. Lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7, ta waɗanda aka ba wani abin sha na daban kuma da kimanin maki 1. Wannan taimako ne na gaske, amma ka lura da girmansa, ka kuma lura cewa waɗanda aka gwada ba sa shan ƙwayar hawan jini, nasu bai yi tsanani ba. Saboda haka ina roƙonka don Allah kada ka ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta maka saboda zoɓo. Na ga mutanen da suka yi haka domin sun ji jikinsu ya yi sauƙi, alhali hawan jini ciwo ne da ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Ka shaida wa likitan cewa kana sha, domin idan ya haɗu da ƙwaya jinin zai iya sauka fiye da yadda ake so, har ka riƙa jin jiri. Wani bincike a Sudan, inda suke shan sa sosai, ya nuna yana rage yawan kulorakwin, wato maganin zazzaɓin cizon sauro, da jiki ke ɗauka, don haka kada a kora maganin zazzaɓi da shi. Mai ciki kuma gara ta ƙaurace wa yawan shan sa.

Wanda ake sayarwa a gora cike da sukari, a nan ko a can wurinku, abin marmari ne, kuma ga mai irin lalurarka sukarin zai iya rushe amfanin. Kai dai ka ɗebi ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka, ka ɗauraye, ka zuba masa kofi guda na tafasasshen ruwa, ka rufe na ɗan lokaci, sannan ka tace. Citta ko kanumfari kaɗan suna rage kaifin tsamin. Kada a jiƙa shi a tukunyar alminiyam, domin tsamin yana cin ta, kwanon tangaran ko na gilashi ya fi. Ka sayi na'urar awon jini ta gida, ka riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma, ka kai wa likita takardar duk ranar da za ka gan shi.

Idan girbi ya zo, ka bar gindi biyu mafi kyau su bushe a tsaye har kwanson ya fara tsagewa, ka sussuke gurguzun, ka adana shi a kwalba da ɗan toka domin baɗi. Abin da ya yi saura uwargida ta san yadda ake daddawar batso da shi. Ina jiran ka rubuto mini yanayin ƙasar filin, ko ja ce ko baƙa, da kuma inda ruwa ke bi idan an yi mamako, domin in san tsayin kunyar da zan ce a yi maka.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da dukan mutanenmu na Zango. Mutanen gida suna gaishe ka, suna kuma yi maka addu'ar samun sauƙi.

Wassalam,
Naka amini.